Gyaran Fawa Sitiyari na Tsohuwar Mota: Tambayoyin Direbobin Karkara da Amsoshinsu

Waɗannan su ne tambayoyin da direbobi da masu tsofaffin motoci suka fi maimaitawa a garejojin da ke tsakanin Wudil, Ringim, Gumel da Haɗeja, musamman masu Golf 3, Peugeot 505, Mercedes 200 da 230, da tsofaffin Hilux masu lodi ranar kasuwa. An jero su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi. Abin da na fi so mai mota ya riƙe shi ne a fara bincike daga abu mai araha kafin a kai ga mai tsada, domin famfo da yawa da ake cirewa a jefar lafiyarsu ƙalau, bel ne ko tiyo ko gurɓataccen mai ya ja musu.

Mene ne fawa sitiyari, kuma yaya yake aiki?

Tsari ne da ke amfani da ƙarfin mai ya taya hannun direba juya tayoyin gaba. Inji yana juya famfo ta hanyar bel. Famfon ya zuƙo mai daga ɗan tankinsa, ya tura shi da ƙarfi ta cikin tiyo mai kauri zuwa rak ko akwatin sitiyari. A nan akwai bawul da ke jin inda ka murɗa, sai ya buɗe wa man hanya ya tura fistin hagu ko dama. Man da ya gama aiki ya koma tanki ta wani tiyon mai laushi. Haka yake zagayawa muddin inji na kunne.

Tsarin ba sabo ba ne. Tun 1951 kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sayar da motar gida mai shi. Sababbin motoci da yawa yanzu na lantarki suke da shi, babu mai babu famfo, kuma wannan shafi bai shafe su ba. Idan ka buɗe bonet ka ga ɗan tanki mai zanen sitiyari a murfinsa da tiyo biyu suna fita daga jikinsa, to da kai ake magana.

Yaya zan san motata mai rak ce ko mai akwati?

Leƙa ƙarƙashin gaban motar. Idan ka ga dogon ƙarfe kwance daga taya zuwa taya, da roba mai lanƙwashe-lanƙwashe a kowane gefe, rak ne. Haka Golf, Honda, Corolla da Peugeot suke. A Peugeot 505 za ka ga ƙarin silinda daban a gefen rak ɗin, ita ce ke yin turin. Idan kuma dunƙulen ƙarfe ka gani a ɗaure jikin shasi da hannu ɗaya yana saukowa daga ƙasansa, akwati ne. Shi ke jikin Mercedes ƙirar W123 da aka fara a 1976, da W124 da ta biyo bayanta, da tsofaffin Hilux da Land Cruiser. Sanin wannan zai yi maka amfani a tambayar wasan sitiyari da ke ƙasa, domin gyaransu ba ɗaya ba ne.

Wane mai ya kamata in zuba?

Wanda aka rubuta a murfin tankin ko a littafin motar. Tsofaffin Toyota da Peugeot 505 jan man giyar otomatik suke sha, wato ATF mai lambar Dexron II ko III. Mercedes W123 ma tana karɓar ATF, ko man sitiyarin kamfanin. Golf 3 kuwa kore ne nata, mai lamba G 002 000, kuma ya fi ATF ruwa-ruwa. Honda tana da nata man na musamman, ba ta jituwa da ATF.

A nan ne masu Golf suka fi cutuwa. Mai shago a bakin tasha jan mai kawai yake da shi, direba na sauri fasinja na jira, sai a tuttula ja a kan kore. Motar za ta tafi, ba a nan take za ta nuna ba, amma sitiyarin zai riƙa nauyi da sanyin safiya, famfo ya fara gurnani, sil ɗin, wato robobin da ke hana mai yoyo, su gaji da wuri. Idan ka sayi motar ka tarar an riga an cakuɗa, kada ka ci gaba da ƙari a kai. Wanke tsarin gaba ɗaya kamar yadda aka bayyana a tambayar canjin mai, sannan ka tsaya a kan iri ɗaya. Launi kaɗai ba hujja ba ne, karanta lambar da ke jikin robar, kuma ka duba hatimin murfinta bai taɓu ba, domin ana ɗura wani man a tsohuwar roba a sayar.

Oga, idan mai ya ƙare a hanya, zan iya zuba man birki ko baƙin mai?

Man birki a'a, ko cokali ɗaya. Sinadarinsa daban ne, yana kumbura robobin sil na famfo da na rak har su lalace, kuma idan ya zagaya sai an kwance komai. Na sha ganin wannan a motocin haya, domin robar man birki ce ke kusa da hannun direba. Man girki da ruwa ma haka, ba su da gurbi a nan.

Baƙin man inji mai tsabta, wanda ba a taɓa amfani da shi ba, ya fi a bar famfo ya bushe idan tafiyar gajera ce kuma babu wata mafita, amma da ka isa gari a zubar da shi a wanke. Abin da ya fi duka shi ne ka ajiye lita ɗaya ta man motarka a but. Idan kuma man zuba yake ba ɗiga ba, ƙari ba zai cece ka ba, duba tambayar fashewar tiyo a daji.

Sitiyarina ya yi tauri. Me zan fara dubawa?

Fara da iskar tayoyin gaba. Taya mai ƙarancin iska tana sa sitiyari nauyi ko da komai lafiya, kuma a hanyar burji da ƙaya wannan kullum ne. Yawancin ƙananan motoci 30 zuwa 32 suke so a gejin mai faci. Sai ka duba man tanki. Sai bel: kashe inji, danna tsakiyarsa da babban yatsa, bai kamata ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya ba. Idan gefensa ya yi sheƙi ko ya tsattsage ko mai ya jiƙa shi, santsi yake yi a kan fuli, famfo ba ya samun juyi.

In duk waɗannan daidai suke, a ɗaga gaban motar da jak, a sa mata matokari mai ƙarfi, inji a kashe, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe. Idan a haka ma yana cijewa ko yana tafiya tsalle-tsalle, matsalar ba ta mai ba ce. Ƙarfe ne ya bushe: kuros ɗin sandar sitiyari, wato gaɓar da ke lanƙwasawa a jikinta, ko bol-joyin, ko boris ɗin saman shokazoba. Kuros ɗin nan yana shan laka da damina ya yi tsatsa, kuma mutane da yawa sun sayi famfo a banza saboda shi. Idan kuwa a sama yana juyawa sumul amma a ƙasa da inji kunne ya yi nauyi, sai a koma kan famfo da bawul.

Me ya sa yake kuka idan na murɗa?

Kukan iri biyu ne, ka saurara da kyau. Ƙara mai tsini kamar fito, musamman da ka tada mota ko ka kai sitiyari ƙarshe, bel ne. A ɗaure shi ko a canza. Gurnani mai kauri da ke ƙaruwa idan ka taka totur, famfo ne ke neman mai ko yake haɗiyar iska.

Buɗe murfin tanki inji na aiki ka haska tocila. Idan man ya yi kumfa ko ya koma kalar shayi da madara, iska na shiga. Sau da yawa daga tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa famfo take shiga. Zafi da shekaru sun sa ya ƙandare, kilif ɗin ba ya matse shi, sai ya riƙa zuƙar iska alhali ko ɗigo ba ya zubarwa, shi ya sa ido ba ya kama shi. Matsa shi da yatsu. Idan ya yi tauri kamar itace, canza shi. Wani dalilin kuma ragar da ke ƙasan tanki ce ta toshe da dauɗa. A Mercedes W123 da W124 akwai 'yar matata a cikin tankin da ake canzawa, amma a motoci da yawa da ke hannun mutane ba a taɓa taɓa ta ba tun da motar ta shigo ƙasar nan.

Kullum sai na ƙara mai. Ta yaya zan gano inda yake yoyo?

Man sitiyari ba ya ƙonewa kamar man inji. Idan yana raguwa, fita yake yi. A wanke famfo, tiyo da rak da sabulu su bushe, a cika tanki, a tada inji a juya sitiyari sau kaɗan, sannan a kashe a bi da tocila. Wuri mafi sama da ka ga jiƙa shi ne tushen, domin mai gangarowa yake yi. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai ma yana nuna ɓangaren.

Wuraren da aka fi samu: bayan fulin famfo inda sil ɗin sanda yake, bakin tiyon matsi, mai kaurin nan, inda roba ta haɗu da ƙarfe, 'yan zobban tagulla (washa) da ke kan notin tiyo, da ƙasan akwati inda hannu yake fitowa. A rak kuwa, sassauta kilif ɗin robar gefe ka ja ta baya kaɗan. Ya kamata cikinta ya zama giris ne kawai. Idan mai ya tsiyayo, sil ɗin ciki ya tafi. Gargaɗi ɗaya da nake so ka ɗauka da gaske: kada ka shafa tiyon matsi da hannu kana neman huda inji na aiki. Ƙarfin man yana kai 70 zuwa 100 a ma'aunin matsi na bar, kuma siririn tsartuwarsa na iya huda fata ya shiga nama. Yi amfani da guntun kwali.

Magungunan tsayar da yoyo da ake sayarwa a roba suna tausasa sil ne na ɗan lokaci. Ba sa ɗinke tiyo, ba sa gyara ƙarfen da ya karce.

Tiyon matsi ya tsage. Ba za a iya naɗe shi da robar tayar keke ba?

Ba zai riƙe ba. Tiyon komawa, mai laushin, shi ne za a iya yanke inda ya lalace a haɗa da kilif, muddin tiyon da aka sa na mai ne ba na ruwa ba. Na matsi kuwa da inji ake danne bakinsa. Ko ka sayi wani, ko ka cire shi ka kai wa masu haɗa tiyon tarakta da tifa a Kano, su riƙe kawunan ƙarfenka su sa sabuwar roba mai jure matsi. Haɗarin naɗi ba rasa mai ba ne kawai. A motoci da yawa tiyon kusa da bututun salansa yake wucewa, kuma man da ya fesu a kan ƙarfe mai zafi yana kama wuta.

Idan ya fashe mini a daji, tsakanin ƙauye da ƙauye, yaya zan kai gari?

Tsaya ka kashe inji. Famfon da ke juyawa babu mai cikin 'yan mintuna yake cinye kansa, ya watsa garin ƙarfe cikin rak, ƙaramin gyara ya zama babba. Duba bel ɗin famfon. Idan nasa ne shi kaɗai, kamar yadda yake a yawancin motocin shekarun 1980, cire shi ka ajiye, ka ci gaba a hankali. Sitiyarin zai yi nauyi ƙwarai, ya fi na motar da aka ƙera babu fawa, musamman a yashi da wurin juyawa, don haka ka rage gudu, ka riƙe da hannu biyu. Idan kuma bel ɗaya ne ke juya famfon da na ruwa ko altaneta, kada ka cire, inji zai yi zafi. A nan sai dai a kawo tiyo ko a ja motar. Da fasinja cike a mota, ni shawarata a sauke su su hau wata.

Yaushe ake canza man, kuma yaya ake yi?

Ɗiga shi a farar takarda. Idan ya yi baƙi, ko yana warin ƙuna, ko kana ganin ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki, lokaci ya yi. A ƙurarmu da zafin bazara, duk shekara biyu ba ɓarna ba ce. Ƙyallin ƙarfe alama ce famfo ya fara ci, duba tambayar famfo.

A ɗaga gaban mota. A zuƙe man tanki da sirinji. A cire tiyon komawa daga tanki a sa bakinsa cikin gora, a toshe bakin tankin. A cika da sabon mai, mutum ɗaya ya riƙa juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe inji a kashe, ɗaya yana ƙara mai kada tankin ya ƙafe, har sai abin da ke zuba a gora ya fito da kalar sabo. Lita biyu kan isa ƙaramar mota. A cire tankin a wanke ragarsa tun da an zo wurin. Kada a wanke cikin tsarin da fetur ko kananzir. Tsohon man kuma a tara shi a jarka, kada a zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. Daga nan sai fitar da iska.

Yaya ake fitar da iska bayan gyara?

Wannan shi ne matakin da yaran gareji suka fi tsallakewa, sai mota ta fita tana gurnani a ce sabon famfon ne ba shi da kyau. Gaba a ɗage, inji a kashe, murfin tanki a buɗe. Juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20, kana ƙara mai duk lokacin da ya sauka. Za ka ga ƙwayoyin iska suna tasowa. Idan sun daina, tada inji na 'yan daƙiƙu ka kashe, ka sake duba mai. Sannan ka tada shi ya zauna a silo, ka sake juyawa sau da yawa ba tare da dannewa a ƙarshe ba. Idan man ya yi kumfa, kashe ka bar shi rabin awa ya kwanta, ka maimaita. Kumfar da ta ƙi ƙarewa tana nufin har yanzu akwai inda iska ke shiga, koma tambayar kuka.

Sitiyarina yana da wasa da yawa. A ɗaure akwatin kawai?

Kada a fara da akwati. Mota a ƙasa, wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, bakanike ya kwanta yana kallon kowace gaɓa: tayarod, bol-joyin, kuros, robar da ke haɗa sanda da akwati, bushin hannun da ke ɗaya gefen, da notocin da suka ɗaure akwatin ko rak a shasi. Gargadar hanyoyinmu waɗannan take fara ci. Wasan da bai wuce faɗin yatsu biyu ba a bakin sitiyari daidai ne ga mota mai akwati.

Idan an tabbatar a cikin akwatin wasan yake, akwai sukurun gyara a samansa da noti mai kulle shi. Tayoyi su kalli gaba sak, a juya shi kwata ɗaya kawai, a kulle, a gwada. A yawancin motoci ciki ake murɗa shi, amma a Mercedes W123 waje ake warware shi kafin wasan ya ragu, kuma wanda bai sani ba sai ya ƙara ɓata abin. Idan aka matse fiye da kima, sitiyari zai daina dawowa da kansa bayan kwana, ya riƙa cijewa a tsakiya. Wannan ya fi wasan haɗari. Akwatin da aka kai sukurunsa ƙarshe wasan bai tafi ba ya gama aiki.

Famfo ya mutu. In gyara, in sayi ɗan Beljiyam, ko sabo?

Kafin a yanke masa hukunci, a cire bawul ɗin da ke bayan notin tiyon matsi a wanke. Ɗan tsakuwar dauɗa na iya maƙale shi a buɗe, famfo lafiyayye ya kasa tura mai. Idan gareji na da gejin matsi a auna, kuma kada a rufe bawul ɗin gejin fiye da daƙiƙa biyar.

Idan yoyo ne kawai, kayan sil sun wadatar, asalin famfon motar ya fi yawancin na kasuwa ƙarko. Idan cikinsa ya karce ko sandarsa na girgiza, sai canji. A kasuwar Kofar Ruwa ta Kano za ka samu 'yan Beljiyam. Tafi da tsohon naka a hannu ka gwada ƙafafu, fuli da bakin tiyo. Juya fulin ka ji ba ya gurzawa, girgiza shi ka ji babu wasa, leƙa bakinsa ka ga ba tsatsa ko baƙin mai. Ku yi magana da mai shago a kan kwanakin gwaji kafin ka biya, ya sa alamarsa a jiki. Wurin sauya fuli a yi amfani da abin zare shi, guduma tana kashe boris tun kafin a ɗaura. Kuma kada a taɓa ɗaura famfo a kan tsohon mai, garin ƙarfen wancan zai cinye wannan.

Rak yana yoyo. Sil za a canza ko rak ɗin duka?

Sandar ciki ce ke yanke hukunci. Idan aka zare ta aka ga tana sheƙi babu tsatsa babu karce, sabon sil zai zauna. Idan ta yi ramuka, duk sil ɗin da aka sa mako kaɗan zai yi. Aikin yana son tsabta sosai, a kan tebur a cikin ɗaki, ba a kan yashi a bakin titi iskar hunturu na kaɗawa ba. Wannan na faɗa wa 'yan'uwana makanikai ne da girmamawa, domin na san yawancinmu a fili muke aiki.

Abin da ke kashe rak tun farko robar gefe ce. Ta yage, ƙura da ruwan damina su shiga, sandar ta yi tsatsa ta riƙa yankan sil. Robar ba ta kai kashi ɗaya cikin goman kuɗin rak ba, don haka duk lokacin juyen baƙin mai ka sa a leƙa ta. Bayan an mayar da rak dole a yi alaimin, wato daidaita tsayuwar tayoyi, in ba haka ba tayoyin gaba za su cinye gefe ɗaya.

Yana nauyi gefe ɗaya kawai, ko da safe kafin inji ya ɗumama. Me ke nan?

Famfo ba ya bambanta hagu da dama, don haka nauyin gefe ɗaya daga bawul ko sil ɗin fistin yake, ko wani ƙarfe ya lanƙwashe bayan faɗawa rami. Nauyin safiyar hunturu da ke sakewa bayan tafiya kaɗan, a fara da canjin mai zuwa irin da ya dace. Idan bai daina ba, gidan bawul ɗin rak ya ci, mai na zillewa ta gefen zobban sil ɗinsa har sai zafi ya kumbura su.

Peugeot 504 ɗina ba ta da fawa. Za a iya sa mata?

Yawancin 504 da ke hannun mutane, har da waɗanda aka haɗa a kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975, babu famfo a jikinsu. Ana ɗauko kayan 505 a sa, amma sai an samu saiti cikakke: rak da silindarsa, famfo, ƙafafunsa, fulin inji mai gurbin ƙarin bel, tanki da tiyo. Idan aikin zai kai ga yanka sandar sitiyari ko tayarod a yi musu walda, Alhaji ka haƙura. Waldar da ta karye a kan hanyar Maigatari ranar Alhamis da mota cike ba ta ba da lokacin taka birki. Sitiyarin 504 da aka sa wa giris, aka canza bol-joyin, aka bar mata tayoyi daidai girmanta da isasshiyar iska, ba shi da nauyin da zai dami mutum.

Wace ɗabi'ar tuƙi ce ke kashe fawa sitiyari da wuri?

Danne sitiyari a ƙarshe ana riƙe da shi. A wannan lokacin matsi yana kai ƙololuwa, mai ya yi zafi, tiyo ya kumbura. Da ka ji ya kai, sassauta kaɗan. Sai murɗa taya mota na tsaye cik da lodin buhuna a kanta, ko taya ta nutse a yashi ana ta kokawa da sitiyari. Bari motar ta ɗan motsa tukuna, in ta kafe a tone gaban tayar. Manyan tayoyin da suka fi na asali faɗi ma suna ƙara wa famfo da tayarod aiki. Wurin zuba mai kuma a goge murfin tanki da kewayensa kafin a buɗe, a yi amfani da mazurari mai tsabta wanda ba a taɓa zuba man birki da shi ba.